Ƙwallon da na kulle a durowa

Ranar Litinin da ta wuce, bayan an tashi yara, wata mata ta tsaya a ƙofar ajina da goyo a baya, tana jira in gama share allo. Na ɗauka maganar kuɗin ƙungiyar iyaye ce ta kawo ta, don ita ce ta fi kawo iyaye mata wurinmu a nan unguwar Dar es Salam. Muka gaisa, ta tambayi gajiya da iyali, sannan ta ce ita ce uwar wani yaro da ke zama a benci na uku. Wai wani mai koyar da takwando ya ga yaron, yana so ya riƙa zuwa horo yamma uku a mako. Uban ya ce a je a tambayi mushe, abin da mushe ya ce shi za a yi. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Mushe, ba ka gane ni ba ko? Ni ce Bahaguwa. Ina ƙwallona?"

Wallahi sai da na nemi kujera na zauna.

Shekara 16 ke nan. A 2009 ina riƙe da ajin CM2, yara saba'in da ɗoriya, ita kuwa tana cikin ƴan tsakiya: ba ta cikin masu ƙoƙari, ba ta kuma cikin waɗanda muka fid da rai da su. Yara ne suka sa mata Bahaguwa, don da hagu take komai, har rubutu, duk da dukan hannun da ta sha a ƙananan azuzuwa. Tana da wani tsohon ƙwallon tanis, irin wanda ake tsinta a cikin kayan gwanjo, gashinsa duk ya zube. Da an buga ƙarfen shan iska sai ta zagaya bayan aji, ta ɗauki ɗan allonta na rubutu, ta yi ta dukan ƙwallon a jikin bango, yana dawowa tana mayar da shi. Yara na kewaye da ita suna ƙirgawa, wasu da Faransanci, wasu da Zabarmanci, wasu da Hausa. Na taɓa tsayawa a taga na ji sun wuce ɗari ƙwallon bai faɗi ƙasa ba.

To amma bangon nan shi ne bangon da teburina ke jingine da shi. Wata rana a watan Afrilu, rana ta take, ga tarin dikte ina gyarawa, ga jarrabawar satifika ta matso, ga kuma tum, tum, tum a ƙeyata. Na fita na miƙa hannu. Ba ta ce uffan ba, ta ba ni. Na jefa shi a durowa na murza makulli, na ce, "Sai bayan jarrabawa."

Bayan kamar mako biyu ubanta ya zo. Tela ne, dattijo mai sanyin magana. Ya ce wani mutum da ke koya wa yara tanis ya ga ƴar tana wannan wasa a bangon gidansu da ƙwallon aro, ya biyo ta har zaure, ya ce a ba shi ita yamma biyu a mako, ba ya son ko dala, raket ma shi zai ba ta. Ya ce, "Mushe, kai ne ka san boko. Wannan abu yana da amfani, ko ɓata lokaci ne? Kuma na ji an ce matan da ke yin sa ba su da sutura."

Abin kunyar shi ne, a duk unguwar nan da wuya a sami wanda ya fi ni sanin labarin tanis a lokacin. Na kamu da son wasan tun ina makarantar horon malamai. A watan Yuni na 1999 wani abokina ya ja ni gidan kawunsa, inda suke da farabol mai kama tashoshin Faransa, muka tarar ana wasan ƙarshe na mata a gasar Roland-Garros ta birnin Paris. Ban san ko yadda ake ƙirga maki ba. Na dai ga wata yarinya ƴar shekara 18, Martina Hingis, wadda ita ce ta ɗaya a duniya, tana wasa da wata Bajamushiya doguwa da ta kusa cika 30, wadda aka ce gwiwa da baya sun gama cinye ta. Yarinyar ta ci zagayen farko, ta kusa gamawa a na biyu, har ta tsallaka raga zuwa ɓangaren abokiyar karawarta tana gardamar inda ƙwallo ya sauka, abin da doka ta hana. Ƴan kallo suka yi mata ca. Bajamushiyar ba ta tanka ba, ta ci gaba da bugunta, ta farke, ta cinye wasan 4-6, 7-5, 6-2. Yarinyar ta fice tana kuka, sai da uwarta ta riƙo ta ta dawo da ita wurin ba da kofi. Daga ranar na riƙe sunan Steffi Graf, na kuma bi duk wata tsohuwar mujallar wasanni da ta faɗo hannuna.

Ga wanda bai san ta ba, an haife ta a Mannheim ranar 14 ga Yuni 1969. Ubanta, Peter Graf, dillalin motoci ne da inshora. Tana da shekara 3 ya yanke ƙotar wani raket na katako don ya yi daidai da hannunta, ya fara jefa mata ƙwallo a cikin falo, in ta mayar da shi sau da yawa ba kuskure ya ba ta ayis kirim. Tana shekara 4 ta shiga fili, tana 5 ta shiga gasa, tana 13 ta zama ƙwararriya mai wasa don kuɗi, wato shekarun ƴaƴanmu na ajin farko ko na biyu na kolej. A 1987 ta ci babbar gasarta ta farko a Paris, ta doke Martina Navratilova. A 1988 ta yi abin da har yau ba wanda ya maimaita a irin wasanta, mace ko namiji: ta cinye manyan gasa huɗu na shekara, ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon a Ingila da ta Amurka, ta ɗora da lambar zinare a wasannin Olamfik na Seoul. A wasan ƙarshe na Paris na shekarar, 6-0, 6-0 ta yi wa Natasha Zvereva cikin ɗan abin da ya haura rabin awa. Kafin ta aje raket a watan Agusta na 1999 ta tara manyan kofuna 22, ta kuma yi mako 377 tana ta ɗaya a duniya. In ka raba da 52 za ka ga ya haura shekara bakwai.

Duk wannan yana kaina lokacin da telan nan ke tsugune a gabana. Amma ba shi na gaya masa ba. Ɗaya ɓangaren labarin na ɗauko. Na ce masa uban wannan mata shi ya riƙe komai nata, horonta, tafiyarta, kuɗinta, har wanda za ta yi hulɗa da shi. Na ce masa a 1995 an kama shi kan kauce wa biyan haraji daga dukiyar ƴar tasa, a farkon 1997 kotu ta ɗaure shi shekara uku da wata tara, ita kuwa tana fita fili tana wasa ubanta na kurkuku, ƴan jarida na bin ta. Na ce masa jikinta ya lalace tun ba ta tsufa ba. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Na rufe da cewa, "Baba, can ma ƙasar masu abin ke nan. Bari ta sami satifika tukuna, wasa ba ya gudu." Maganar sutura kuwa ban ko taɓa ta ba, alhali na san ba abin da zai hana yarinya ta buga ƙwallo da dogon wando da ɗankwali.

Ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya tafi da sauƙin zuciya. Na ba shi amsar da ya zo nema, na kuma yi mata ado da sunayen Turawa.

Ba ta ci jarrabawar ba. Ta maimaita aji a hannun wani malami, ta fara fashi ranar kasuwa, daga nan fashin ya zama na mako, kafin damina ta daina zuwa. A 2012 na ji an ɗaura mata aure. Ban yi mamaki ba, ba wanda ya yi, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke aure kafin su cika 18. Ƙwallon ya zauna a durowa har aka canza mini aji, ban san inda ya ƙare ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa na hana Nijar samun tata Steffi Graf. Ban yarda da wannan ba, kuma ba na son mu riƙa yaudarar iyaye da irin sa. Bayan falon uban, Graf ta sami cibiyar horo a garin Leimen, kusa da gidansu, inda wani yaro mai suna Boris Becker shi ma yake koyo, har akan haɗa su bugu. Ta sami gasar yara a kowane mataki, da likitoci, da hanyar tafiya ƙasashe. A Yamai filayen tanis ƴan kaɗan ne, galibinsu na masu hali, kuɗin raket ɗaya mai kyau kuma ya isa cefanen gida na kwanaki. Mai yiwuwa da Bahaguwa ta yi shekara biyu ko uku tana bugu, ta ci ɗan kofi, shi ke nan.

Abin da na gane daga baya, kuma a makare, ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi ciwo. Ƙwallon nan shi ne igiyar da ta ɗaure ta a lakwal. A cikin aji ita ba kowa ba ce, ta 40 ce cikin 70, malami bai san muryarta ba. A bayan aji kuwa, na minti talatin, ita ce sarauniya, har ƴan maza na roƙon ta ba su aro. Don wannan minti talatin take jure awa huɗu na dikte da lissafi. Na cire shi da niyyar in bar mata karatu zalla, sai ya zama ba abin da ya rage da zai tashe ta da safe. Kuma da ta shiga hannun mai horon nan, da an sami babba na biyu a duniya, ban da iyayenta, da zai zo ya tambaya in ba a gan ta ba. Ni dai ban je ba.

Mu malamai mun san abin da muke yi da awar motsa jiki. Tana nan a rubuce a jadawali, an manna a bango don mai duba makarantu ya gani. Amma ita ce akuyar da ake yankawa duk lokacin da baƙo ya zo: in an makara a lissafi, ita, in jarrabawa ta matso, ita, in malami ya gaji, ita. Ba na zargin kowa, don na yi shekaru ina yi, kuma uzurin ba na banza ba ne. Wa zai fitar da yara saba'in cikin ranar Afrilu ko Mayu, a fili mara inuwa, ba ƙwallo, ba ruwan sha isasshe, wasunsu ko karin kumallo ba su yi ba? Iyaye kuma ba su taɓa zuwa sun yi ƙorafin an hana ɗansu gudu ba. Sakamako suke tambaya. Sai dai na lura mu ɗin nan da ke hana yara fita, mu ne ke rufe aji da wuri mu manne da rediyo lokacin kokawar Takobi.

Wannan ma abin dubawa ne. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko, ba a taɓa rasa gwanayen kokawa a ƙasar nan ba. Ba don jininmu ya fi na wasu ba ne. Don kowane ƙauye yana da fage, yaro yana fara kama ƙugu tun yana tsirara, manya na zaune suna kallo suna gyara masa, makaɗi na zuga shi, ba wanda ke ce masa sai bayan jarrabawa. Abin da Jamusawa suka yi wa tanis a Leimen, mu mun daɗe da yi wa kokawa a kan rairayi. Inda muka shimfiɗa wa yaro hanya yana zuwa.

Inda ba mu shimfiɗa ba kuwa, sai dai a ƙirga da yatsu. A 1972, daidai lokacin da Peter Graf ke fara jefa wa ƴarsa ƙwallo a falo, a cikin ƙasar Jamus ɗin dai, a birnin Munich, wani ɗan Nijar mai shekara 32 ya hau dandalin damben zamani. Issaka Dabore ke nan. Karo na uku ke nan da ya je Olamfik: ya je Tokyo a 1964, inda shi kaɗai ne ɗan wasan da Nijar ta tura, ya je Meziko a 1968. A Munich ya kai wasan kusa da na ƙarshe a ajin kilo 63.5, Angel Angelov na Bulgeriya ya tsayar da shi, ya dawo gida da lambar tagulla, ta farko a tarihin ƙasar. Na gwada tambayar ajina bara ko wa ya san shi. Hannu uku suka tashi, duka ukun kuma suka ce ɗan kokawa ne, saboda sunansa ne a kan filin kokawa na Yamai. Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba na 2021.

Bayan tasa, sai da aka jira shekara 44 kafin lamba ta biyu ta shigo, azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo a takwando a Rio a 2016, kafin ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017. Shi ma labarinsa da uba a ciki. Yana yaro mahaifinsa ya hana shi wasan, bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sanadin raunin da ya ji a cikinsa, kuma wane uba ne zai ga laifinsa? Sai da aka kai shi zama wurin dangi a Togo ya koma da rigar aro, daga baya ya tafi horo a Friedrichshafen, a Jamus. In aka ba da wannan labari a majalisa, nan take wani zai ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne. Amma ni wannan karin magana ya daina yi mini daɗi, don na san a labarin wata, ni ne shahon.

Ban manta da Peter Graf ba, kuma ban janye abin da na faɗa a kansa ba. Akwai irinsa a nan, sun ma fara yawa tun da aka ga ƙwallon ƙafa na kawo kuɗi: uban da zai cire yaro daga aji, ya sayar da fili ya miƙa wa wani ɗan damfara da ya yi alkawarin kai shi Turai. Yaro ba gona ba ne. Ita kanta Graf, da ta auri Andre Agassi a 2001, wanda shi ma ubansa ya tasa shi gaba tun yana ƙarami, ba su tura ƴaƴansu biyu cikin tanis ba. Sun san abin da suka gani. Laifina shi ne na ɗauki tsoron uban da ya wuce gona da iri na ba wani bawan Allah tela, wanda bai nemi kuɗi ko suna ba, yamma biyu kawai aka roƙe shi.

Duk wannan ya bi ta kaina a ƴan daƙiƙu, tana tsaye tana jijjiga goyonta. Na ce mata, "Ki yafe mini. Ƙwallonki ya ɓata a hannuna." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Haba Mushe, wasa nake. Abin yara ne, ya wuce." Ban sani ba ko har zuciyarta haka ne. Ta dai riƙe shi shekara 16.

Na tambaye ta yaron yana so? Ta ce ko barci yake ƙafarsa na harbi. Na tambaya ko sun san mai horon, da inda yake yi, da ƙarfe nawa ake tashi. Ta ce a wani fili ne kusa, ana gamawa kafin magariba, amma uban bai taɓa zuwa ya gani ba. Na ce to ga abin da za ta gaya wa maigidan: mushe ya ce a bar shi ya je. Sharaɗi biyu ne. Na farko, uban ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya ga ko akwai kayan kare kai da ƙirji, ya san mutumin da zai ba amanar ɗansa. Na biyu, duk ranar Juma'a yaron ya kai wa mai horon littafinsa na aji ya sa hannu, in ya yi fashin lakwal, ba horo a makon. Yaron ba gwani ba ne a dikte, kamar uwarsa, kuma na san in ya faɗi jarrabawa a ƙarshen shekara ni za a nuna da yatsa, a ce mushe ne ya ce a bar shi. Na yarda a nuna ni.

Washegari na sami direkta na ce ina so in mayar da awar motsa jikin ajina ƙarfe takwas na safe, kafin rana ta yi zafi, ranar Talata da Alhamis. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A CM2? A wannan shekara?" Na ce e. Ya ce in rubuto a takarda, kuma in sakamako ya faɗi kada in ce bai gaya mini ba.

Jiya da yamma na biya ta wurin masu gwanjo na sayi tsofaffin ƙwallayen tanis guda shida, jaka ɗaya da rabi, bayan ciniki mai tsawo. Biyar suna cikin kwali a ƙarƙashin teburina, na gobe Alhamis. Ɗayan na sa a jakar yaron, na ce ya kai wa mamarsa.